Mutuwar da ka jawo wa kanka da wadda waya ta jawo maka: fashin baƙi kan wasannin dangin Rogue a wayar hannu

Akwai wani harafi a NetHack, tsohon wasan kwamfuta da ake nuna dodanni da haruffa, ƙaramin e shuɗi, wanda duk wanda ya daɗe a harkar ya san ba a taɓa shi. Ido ne mai shawagi a iska. Ba ya cizo, ba ya bin kowa, hawainiya ma ta fi shi sauri. Amma ranar da ka kai masa duka, sai ya ƙura maka ido ka sandare a wurin, kana ji kana gani wani ɗan dila da bai kai ya kawo ba zai zo ya yi ta yagar namanka har rai ya yi halinsa. Na san wannan tun ba yau ba. Duk da haka ta nan aka ci ni wani dare, bayan na yi kwana uku ina rainon jaruma ɗaya a waya. Nufina in taka arewa maso gabas in kewaye shi, babban yatsana ya zame ya danna gabas, kuma a wannan wasa taka wa dodo da kai masa hari duk abu ɗaya ne. Wasan ya zana mini kabari, ya rubuta cewa dila ne ya kashe ta. Bai ambaci yatsa ba.

Haushin da na ji a daren ba irin wanda na saba ba ne. Masu buga waɗannan wasanni a waya sukan haɗa takaici iri biyu su zuba a buhu ɗaya, su ce wasan ne mugu. Alhali ɗaya maƙeran wasan ne suka dasa shi da gangan, shi ne gishirin miyar. Ɗayan kuwa na'ura ce ta ƙaro shi, babu wanda ya tsara shi, kuma ba ya koya wa kowa komai. Sai an raba su kafin a san wanda za a gyara da wanda za a haƙura da shi.

A 1980 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz a Amurka, Michael Toy da Glenn Wichman, suka rubuta wasa mai suna Rogue, daga baya Ken Arnold na reshen Berkeley ya shiga cikinsu. Allunan kwamfutar jami'a na lokacin ba sa nuna hoto, haruffa kawai suke jerawa, layi 24, kowane layi gurbi 80. Don haka komai da harafi aka yi shi. Kai ne alamar @, dodanni manyan haruffa ne daga A zuwa Z, ɗigo shi ne daɓen ɗaki. Aikinka ka yi ta gangarawa cikin kogon ƙarƙashin ƙasa har hawa na 26, ka ɗauko wata laya da ake kira Layar Yendor, ka hauro da ita da ranka. Wasan bi-da-bi ne kamar dara: ka yi takunka, duniya ta yi nata, in ba ka motsa ba babu abin da zai motsa ko za ka kwana kana tunani.

Su Toy suna so su ma su ji daɗin wasan da suka rubuta, to kuwa wanda ya zana taswira ba ya ɓata a cikinta. Sai suka sa kwamfuta ta riƙa zana sabon kogo duk lokacin da aka fara. Suka kuma hargitsa kayan da ake tsinta: jar kwalbar da ta warkar da kai jiya, yau tana iya zama mai makantarwa, ba ka da hanyar sani sai ka kurɓa ko ka samu takardar da ke fayyace ta. Sannan ga babbar dokar da har yau ake rigima a kanta. Da suka ƙara damar ajiye wasa don mutum ya tashi ya dawo, sai suka ga mutane na amfani da ita wajen komawa baya duk lokacin da abu ya ɓaci. Sai suka sa wasan ya riƙa goge ajiyar da zarar an buɗe ta. Ajiya ta zama hutun rabin lokaci kawai. In ka mutu ka mutu, sai dai ka fara da sabon jarumi a sabon kogo.

Daga nan zuri'a ta yaɗu. Hack ya fito a 1982, ya haifi NetHack a 1987. Moria na Robert Koeneke ya fito a 1983, ya haifi Angband a Jami'ar Warwick ta Ingila a 1990, mai hawa 100. Thomas Biskup na Jamus ya fitar da ADOM a 1994, Dungeon Crawl ya biyo baya a 1997. Turawa na kiran wannan dangi roguelike, wato masu kama da Rogue, kuma har taro aka yi a birnin Berlin a 2008 don shata iyakar wane ne ɗan gida wane ne baƙo. Har gobe ba a gama wannan musu ba, ni kuma ba zan shige shi ba.

Yarjejeniyar da ke tsakanin irin wannan wasa da mai buga shi ita ce zuciyar maganar. Wasan zai ƙwace maka komai in ka mutu, takobi da sulke da awowin da ka zuba, amma akwai abu ɗaya da ba ya iya taɓawa, wato abin da ka koya. Jarumin ba ya girma daga wasa zuwa wasa, kai ne kake girma. Kuma tunda babu agogo a kanka, duk takun da ya kai ka kabari kai ka zaɓe shi. 'Yan NetHack ma suna da laƙabin da suke yi wa irin wannan mutuwa, ma'anarsa "ga wata mutuwar wautar kuma", suna ba da labarinta suna dariya kamar maharba a bakin wuta. Wani ya taɓa gawar wani dodo mai kama da zakara ba tare da safar hannu ba, ya zama dutse. Wani ya ƙoshi amma kwaɗayi ya sa ya ƙara loma, ta shaƙe shi. Wani yana da sandar da za ta haƙa masa ramin tserewa a cikin jaka, ya mutu bai tuna da ita ba. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne ciwo, kuma shi ya fi yawa: mutum ya yi ta adana kayan ceton rai don baƙar rana, baƙar ranar ta zo bai gane ta ba.

Mutane da yawa na rantsuwa cewa kwamfutar na yi musu maguɗi. Lissafi ne ke yaudararsu. A ce akwai wani ganganci da kake yi wanda haɗarinsa kashi 1 ne cikin 100, kamar tsayawa ka ƙara duka ɗaya alhali jininka ya yi ƙasa. Sau ɗaya ba komai ba ne. Amma wasa ɗaya na NetHack taku dubbai ne, kuma in ka maimaita wannan ganganci sau 100, damar ka tsira daga dukkansu ba ta kai kashi 37 ba. Haka harin da aka ce maka zai samu da kashi 95: cikin hari 20, damar a ce ko ɗaya ya kuskure ta kai kashi 64. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta riƙe sau goma sha taran da abu ya yi daidai, na ashirin ɗin take riƙewa. A wasan da ake iya komawa baya, ba ka ma lura da wannan. A nan kuwa bashin ganganci taruwa yake yi, rana ɗaya a zo karɓa gaba ɗaya. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo ba iya faɗa ba ne, yawan faɗan da ya ƙi shiga ne.

Ba zan wanke tsofaffin wasannin tas ba. Wani takaicin nasu ba hikima ba ce, rowar bayani ce. Babu abin da ke gaya wa sabon shiga cewa shuɗin idon nan ajali ne, sai ya mutu a kansa ko ya karanta a wani wuri. NetHack ya tara irin waɗannan dokoki ɗaruruwa, har ta kai kusan duk wanda ya taɓa kai shi ƙarshe da shafukan bayani a buɗe ya yi. Na'ura ma ba ta sha da daɗi ba: a gasar da aka shirya a 2021 don manhajojin ƙirƙirarriyar basira su buga shi, babu ko ɗaya da ta kammala. Akwai kuma mutuwar hawa na biyu, inda kogo ya haɗa ka da abin da ya fi ƙarfinka tun ba ka tsinci komai ba. Wannan ba darasi ba ne, tsautsayi ne, sai dai sauƙinsa minti biyar kawai ka yi asara.

Na baya sun ji wannan koke, kowa ya amsa ta hanyarsa. Masu kula da Dungeon Crawl Stone Soup, wanda aka fara a 2006, sun ɗauki almakashi suna yanke duk abin da ke cin lokaci ba tare da ya sa mutum tunani ba. Suka sa maɓalli ɗaya da ke zagaya maka hawa har sai wani abu ya bayyana, daga bisani a 2021 suka cire yunwa da cin abinci ɗungurungum. Brogue na Brian Walker, 2009, ya zaɓi faɗin gaskiya: ka nuna dodo, ya gaya maka kashi nawa ne damar ya same ka, kuma duka nawa zai yi ya kashe ka. In ka tsaya bayan haka, ruwanka. Sai kuma 'yan uwa na nesa, irin su Spelunky, The Binding of Isaac, Slay the Spire da Hades, waɗanda suka ɗauki sabuwar taswira da mutuwa amma suka sassauta wani wuri. A Hades na 2020 mutuwa ma ita ke tura labarin gaba, kuma akwai zaɓin da in ka kunna shi za a rage maka zafin duka da kashi 20, duk mutuwa a ƙara 2, har zuwa 80. 'Yan gargajiya na ganin wannan ragwanci ne. Ni ina ganin magidancin da ke da awa ɗaya bayan isha'i yana da haƙƙin ya ga ƙarshen abin da ya saya.

Duk wannan takaici ne na cikin gida. Yanzu ga wanda waya ke kawowa.

Furosesar kwamfutar tebur, irin ta Intel da AMD, yare ɗaya take ji, ana kiransa x86. Ta waya wani yaren take ji daban, ARM. Wasan da aka rubuta wa DOS, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows, a 1992 jerin umarni ne a yaren farko, miƙa wa waya shi kamar ka karanta wa mutumin Gumel wasiƙa da Sinanci ne. Dole a nemo tafinta. Mafi shahara shi ne DOSBox, wanda ya fito a 2002, kuma ba furosesa kaɗai yake kwaikwaya ba, kwamfuta sukutum yake ginawa a cikin manhaja: katin hoto, katin sauti na Sound Blaster, da DOS ɗin kanta. Wasan na zaune a ciki yana zaton har yanzu zamanin faifan fulofi ne.

Tafintan nan iri biyu ne. Akwai mai fassara jimla bayan jimla, ko an maimaita magana sau dubu sai ya sake fassara ta sau dubu. Akwai kuma mai wayo, wanda ke fassara sakin layi guda ya rubuta ya ajiye, in an dawo kansa sai ya miƙa rubutaccen. Na biyun ya ninka na farko sauri nesa ba kusa ba. Android ya yarda da shi. Apple bai yarda manhajojin shagonsa su yi haka ba, shi ya sa kwaikwayon kwamfuta mai nauyi ke jan ƙafa a iPhone duk da ƙarfin furosesarta. Su Apple ɗin ma sai a 2024 suka buɗe wa irin waɗannan manhajoji ƙofa, bayan sun taɓa cire ɗaya daga cikinsu mai suna iDOS daga shagon a 2021.

Abin dariyar shi ne sau da yawa matsalar ba rashin sauri ba ce, yawansa ne. Kwamfutar IBM ta 1981 tana gudu ne a megahaz 4.77, kuma masu rubuta wasanni da dama sun auna lokaci da bugun furosesar kanta, ba da agogo ba. Ka ba irin wannan wasa furosesa mai sauri, sai abokan gaba su riƙa gilmawa kamar walƙiya. DOSBox na da ma'aunin da ake ragewa ko a ƙara, kuma a kwamfuta ana yin haka da Ctrl da F11 ko F12. Duba allon rubutun wayarka ka nemo mini F11.

Wasannin Windows sun fi wuya, don a nan tafinta ɗaya ba ya isa. Manhaja irin Winlator jerin gwanon tafintoci ce. Box64 na juya x86 zuwa ARM. Wine, wanda aka fara tun 1993, yana tsayawa a matsayin Windows, duk abin da wasa ya roƙa sai ya nemo masa kwatankwacinsa. DXVK na juya umarnin zane daga DirectX, yaren zane na Windows, zuwa Vulkan da waya ke ji, sannan a miƙa wa direban katin hoton wayar, wato manhajar da ke sarrafa katin. Duk inda ɗaya ya yi tuntuɓe a wannan layi, baƙin allo za ka gani, kuma ba zai gaya maka wane ne ya faɗi ba. A nan ne maganar ta taɓo mu kai tsaye. Direban da ya fi nuna a wannan harka, Turnip, na katin hoto na Adreno ne, wanda ke cikin furosesar Snapdragon. Wayoyin da suka cika hannun mutanenmu, Tecno da Infinix da itel, akasarinsu MediaTek ko Unisoc ne a ciki, da katin Mali ko PowerVR. Don haka bidiyon da ka gani a YouTube wani na buga babban wasan kwamfuta a waya sumul ba ƙarya ba ne, wayarsa ce ba irin taka ba. Ƙara da zafi: waya ba ta da fanka, in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wanda ya gwada a Turai cikin sanyi da wanda zai gwada a Sakkwato a watan Afrilu ba sakamako ɗaya za su gani ba, batir kuma ya riƙa zuba kamar tulu mai huji.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce mafi lafiya a duk inda ta samu: a bar tafinta, a sake gina injin wasan da yaren waya. Kamfanin id Software ya saki lambobin da aka rubuta wasan Doom da su a 1997, shi ya sa yau babu na'urar da ba ya hawa. ScummVM ya yi wa tsofaffin wasannin labari da wasa ƙwaƙwalwa haka tun 2001, DevilutionX ya yi wa Diablo na farko, VCMI ya yi wa Heroes of Might and Magic III. Injin kyauta ne, amma hotuna da sautin wasan sai ka kawo su daga kwafin asali, kuma tsufan wasa ba ya sauke haƙƙin mai shi. Shagon GOG na sayar da da yawansu da araha, wasunsu ma a naɗe cikin DOSBox. Wuraren da ke raba su kyauta haɗe da "gyararriyar" manhajar Android kuwa, mai asusun banki a wayarsa ya yi nesa da su.

To ga inda abin ya juya. Manyan wasannin dangin Rogue, NetHack da Angband da Crawl da Brogue, duk lambobinsu a buɗe suke, duk an gina su kai tsaye don waya, babu tafinta ko ɗaya. Rogue na asali bai kai nauyin hoto ɗaya da kyamararka ke ɗauka ba, NetHack bai kai gajeren bidiyon WhatsApp ba. Ba sa cin data, ba sa dumama waya, wayar da ta fi kowace araha a kasuwa za ta ɗauke su tana hamma. A ɓangaren ƙarfi babu wasan da ya fi su dacewa da aljihun talaka. A ɓangaren hannu kuwa babu wanda ya fi su rashin dacewa.

An gina su ne a kan allon madannai mai maɓalli kusan ɗari, kuma sun cinye shi kaf. Tafiya da h, j, k, l ake yi, gadon manhajar rubutu ta vi, a ƙara y, u, b, n don kusurwoyi. A NetHack ƙaramin harafi da babbansa umarni biyu ne daban: w riƙe makami, W sa sulke, t jifa, T tuɓewa, r karantawa, R cire zobe ko laya, q kurɓar kwalba, z kaɗa sanda, E rubutu a ƙasa. Da haruffa suka ƙare sai aka koma haɗawa da Ctrl, da dogayen umarni masu farawa da #. Allon rubutun waya kuwa don hira aka yi shi. Ba shi da Ctrl, ba shi da Esc, ba shi da kibiyoyi, burinsa ya gyara maka kalma, kuma da ya buɗe ya cinye rabin fuskar wayar.

Sauran rabin ma ga yadda yake. Wayar inci 6.5 in ka kwantar da ita, tsawon fuskarta kusan santimita 15 ne. Raba shi gida 80, kowane harafi bai kai milimita 2 ba. Google da kansa yana ba masu gina manhaja shawarar kada abin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9. Ke nan tafin yatsanka na rufe gurbi huɗu ko biyar a lokaci ɗaya, a wasan da gurbi ɗaya ke raba rai da mutuwa. In ka ƙara girman haruffa, sai taswirar ta fi allon, dodo ya harbo ka daga inda ba ka gani. Tsofaffin wasannin dabarun yaƙi masu aiki da linzamin kwamfuta ma haka suke fama: yatsa ba shi da dannawar dama, kuma ba ya iya shawagi a kan abu don a nuna maka bayaninsa ba tare da ya taɓa ba.

Akwai kuma abin da ba na na'ura ba ne kai tsaye, amma ita ke jawo shi. Kwamfuta na zaunar da kai. Waya kuwa a cikin Keke Napep ake ciro ta, a layin banki, a kan gado ido na lumshewa. Waɗannan wasanni ba sa kashe mai rauni kamar yadda suke kashe mai gaggawa, kuma waya gidan gaggawa ce. Rabin mutuwar da nake ɗora wa yatsa, in zan faɗi gaskiya, barci ne.

Batun ajiya shi ne inda yarjejeniyar ke tsagewa ta gefe biyu. Ka tuna tsohon wasa na goge ajiyarsa da an buɗe ta, don haka muddin kana cikin wasa babu wani kwafi a ko'ina sai wanda ke ƙwaƙwalwar wucin gadi. Android kuwa in wuri ya ƙure masa, manhajar da ke bayan fage yake kashewa ba sallama, kuma a waya mai RAM giga 2 ko 3 wannan ba abin mamaki ba ne. Kira ya shigo, ka leƙa WhatsApp ka tura lambar asusu, ka dawo ka tarar manhajar ta fara daga farko. Wanda aka gina don waya da kyau yana ajiyewa da kansa duk lokacin da ka fita. NetHack ma na da hanyar farfaɗo da wasan da ya katse. Amma Rogue na DOS da ke zaune cikin DOSBox bai san akwai wani abu wai shi kira ba. Babu dodo, babu kabari, babu darasi, jarumin ya ɓace kawai.

Maganin wannan shi ne ɗaya gefen tsagewar. Wasu manhajojin kwaikwayo, irin DOSBox Pure da ke cikin RetroArch, suna iya ɗaukar hoton kwamfutar gaba ɗaya a kowane daƙiƙa su mayar da kai can in ka so. Dabarar da su Toy suka toshe a farkon shekarun 1980 ta dawo ta taga. Na taɓa yi wa kaina doka cewa zan yi amfani da ita ne kawai in waya ce ta cuce ni, ba in ni na cuci kaina ba. Dokar ba ta yi mako ba. Yau ka ce yatsa ne, gobe ka ce ai da ba a yi mini magana ba da na lura, jibi ka kurɓi kwalba ka ga guba ce ka koma baya. Da na kai hawan da ban taɓa kaiwa ba ta wannan hanya, ban ji komai ba, kamar wanda aka ba satar amsa. Ban ce haramun ba ne, wasanka ne kuma wayarka ce. Amma tsoron da ke sa ka tsaya minti biyu kana auna taku ɗaya shi ne abin da ka zo nema, kuma ba ya zama a inda ake komawa baya.

Wanda ya fara warware matsalar ta hanyar da ta gamsar da ni bai yi ƙoƙarin cusa allon madannai cikin waya ba. Oleg Dolya ya fitar da Pixel Dungeon a Android a 2012, da tasirin Brogue a jikinsa, ya gina shi tun daga tushe don babban yatsa. Ka taɓa wuri, jarumi ya taka zuwa can, ya tsaya da kansa in dodo ya bayyana. Ka taɓa kaya, a nuna maka abu biyu ko uku da za a iya yi da shi. Da ya saki lambobinsa a 2014, Evan Debenham ya ɗora Shattered Pixel Dungeon a kai, kuma har yanzu ana sabunta shi. Mutuwa na nan daram, kwalabe na nan a hargitse, babban dodon hawa na biyar na nan yana cin sababbin shiga. Abin da aka rasa shi ne faɗin NetHack, inda za ka iya tsoma wannan cikin wancan, ka rubuta a ƙasa, ka hau doki, ka yi sata a shago da taimakon karenka. Umarni goma ba za su ɗauki abin da ɗari ke ɗauka ba. Amma in ka mutu a can, ka san kai ne.

Wani abin mamaki a gefe: wasan DOS na 1990 ya fi wasan waya na 2012 sauƙin tayarwa a yau. Tun iOS 11 a 2017 Apple ya daina karɓar manhajojin tsohon tsari masu bit 32, Android 14 kuma ya ƙi girka waɗanda aka gina wa sigar da ta girmi Android 6. DOS ta daina motsi tuntuni, shi ya sa aka iya kwaikwayonta daidai. Waya kuwa kullum ƙasa na motsi a ƙarƙashinta.

Ga wanda ya nace sai tsofaffin na ainihi, abin da ya fi yi mini aiki ba manhaja ba ne. 'Yar igiyar OTG ce da ƙaramin allon madannai na USB, irin wanda ake samu a kowace kasuwar waya, ko na Bluetooth. Ka jingina wayar da kofi, fuskar gaba ɗaya ta koma ta taswira, h ya koma h. Daga nan mutum na iya girka Termux, manhajar da ke ba waya allon rubuta umarni, ya shiga ɗaya daga cikin sabobin jama'a, wato kwamfutocin intanet da kowa ke iya shiga, irin nethack.alt.org ko Hardfought, inda wasan ke gudana a can, ba a wayarka ba. In kira ya katse ka ko caji ya ƙare, sabar na ajiye maka. Babu hanyar komawa baya ko kana so. Kuma haruffa kawai ke kai da komo, don haka datar da ake ci kaɗan ce ƙwarai. A can har kaburburan wasu za ka riƙa tararwa, da fatalwarsu tsaye a kan kayan da suka bari, yawancin kayan la'anannu ne.

Sai dai ita ma sabar ta zo da nata salon mutuwar, wanda duk mai amfani da netiwok ɗinmu zai gane. Ka danna l, allo bai motsa ba. Ka sake dannawa, shiru. Ka ƙara uku cikin haushi. Netiwok ɗin ya dawo, umarni biyar ɗin nan su isa a tare, jarumin ya yi taku biyar gabas ba tare da ka ga ko ɗaya ba, ya tsaya a gaban duk abin da ke jira a can.